Alheri da Aikin Lada: Tsohuwar Gardamar Kirista a Kan Ceto

A wata jana'iza da na halarta a wani ƙauye na kudancin Kaduna, a cocin da ake sujada da Hausa, an miƙa wa ɗan marigayiya takarda ya karanta tarihinta. Ya bi abin daki-daki: shekarar da aka yi mata baftisma, shekarun da ta yi tana riƙe da kuɗin zumuntar mata, yadda ba ta taɓa fashin zakka ba ko a shekarar da damina ta yi gardama, da buhunan simintin da ta saya lokacin ginin sabon ɗakin sujada. Duk inda ya tsaya ya ja numfashi, sai mata su amsa, "Gaskiya ne." Da ya gama, wani dattijo da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Ɗana, ai Mama ta sami shiga. Irin wannan aiki haka!" Ba a jima ba fasto ya miƙe ya buɗe Afisawa sura 2, ya karanta wurin da manzo Bulus yake cewa ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, ba ƙoƙarinku ba ne, baiwar Allah ce, ba don aikin lada ba, kada wani ya yi fariya. Dattijon nan ya fi kowa ɗaga murya da "Amin."

Shi bai ji maganganun biyu sun yi karo ba. Amma karon da bai ji ba ɗin shi ne ya tsaga ikilisiyar Turai gida biyu shekara 500 da suka wuce, kafin nan kuma ya hana limaman Afirka ta Arewa barci tun ƙarni na 5. Kirista duka sun yarda mutum mai zunubi ne, sun kuma yarda Yesu Almasihu ya mutu ya tashi domin ceto. Inda aka rabu shi ne rabon mutum a cikin wannan ceto. Addu'arsa da azuminsa da baikonsa da kyawun halinsa, suna cikin abin da ya sa Allah ya karɓe shi, ko kuwa suna biyowa ne bayan an riga an karɓe shi?

Mai jin Hausa yana shiga wannan gardama da wata matsala tasa ta daban, wadda a ganina riba ce in an lura da ita. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan doguwar wahalar su Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, kalmar da Kiristan Hausa suka gada don wannan baiwa ta Allah ita ce "alheri". To amma a bakin Bahaushe, alheri abu ne da mutum yake yi. Wane ya yi mini alheri. Wance mai alheri ce. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ke nan in fasto ya ce da alheri aka cece mu, kunnen da ya saba da Hausar kasuwa da ta tsakar gida yana iya jin cewa da alherin da muka shuka aka cece mu, wato kishiyar abin da ayar take nufi. Kalma ɗaya ta ɗauki kayan ɓangarorin biyu a kanta.

"Lada" ma haka. Ladan wanzami ne, ladan ɗan ƙodago ne, ladan da ake fata wurin Allah ne kuma. Bulus ya kama wannan a Romawa 4:4, inda ya ce wanda ya yi aiki, ladansa ba kyauta ba ne, hakkinsa ne. Duk wanda ya taɓa sa leburori a gonarsa ya san haka. Da yamma in ka miƙa wa ɗan ƙodago kuɗinsa kana jiran godiyar durƙuso, kallon mamaki zai yi maka, don guminsa ka biya. Tambayar Bulus ita ce ko akwai mutumin da zai tsaya gaban Allah da yamma ya miƙa hannu irin na lebura ya ce a ba shi hakkinsa.

Yana da kyau a san inda Bulus ya tsaya da yake wannan magana, domin ba a ɗakin karatu gardamar ta taso ba, a bakin akushi ta taso. Masu bin Yesu na farko Yahudawa ne, masu kaciya, masu kiyaye Asabar da dokokin abinci. Da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suka fara shigowa sai tambaya ta tashi, ko dole ne su ma a yi musu kaciya su ɗauki Shari'ar Musa. An zauna a kan haka a Urushalima wajen shekara ta 49, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna, aka yanke cewa ba dole ba ne. Amma yanke magana a taro daban, zama a tabarma ɗaya daban. A Antakiya Bitrus yana cin abinci tare da masu bi daga al'ummai, da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu, jagoran ikilisiyar Urushalima, sai ya tsame hannunsa ya ja gefe. Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, shi da kansa ya ba da labarin a Galatiyawa sura 2. A ƙarshen surar ya ɗaure maganar da cewa in da ta wurin Shari'a ake samun adalci, to, mutuwar Almasihu ta zama banza.

Saboda haka masana da yawa, musamman tun bayan binciken E. P. Sanders na 1977, suna jan kunne cewa kada a mai da Yahudancin zamanin Bulus addinin sayen Allah da ayyuka, domin su ma sun san zaɓen Isra'ila alheri ne. Suna da gaskiya a nan. Sai dai maganar Bulus ba ta tsaya a kaciya kaɗai ba. Mutumin da ya tsananta wa ikilisiya aka tare shi a hanyar Dimashƙu, ya san ba wata cancanta aka duba ba. A 1 Korintiyawa 15 ya ce bai isa a kira shi manzo ba, da alherin Allah ya zama abin da ya zama. Nan take kuma ya ƙara da cewa ya fi sauran manzannin duka aiki, sannan ya sake gyarawa ya ce ba shi ba ne, alherin da ke tare da shi ne. Cikin aya ɗaya ya juya sau uku, kamar mai neman inda zai ajiye tulun da ya cika.

Sai ga Yakubu. A duk Sabon Alkawari wuri ɗaya ne kalmomin "bangaskiya kaɗai" suka zo a jere, wato Yakubu 2:24, a can kuwa musunsu aka yi: ta wurin ayyuka ake baratar da mutum, wato a karɓe shi a matsayin mai adalci, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Abin da ya fi ɗaure kai, shi da Bulus aya ɗaya suka jawo, Farawa 15:6, cewa Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa wannan adalci ne. Bulus ya ce a duba, an faɗi haka tun kafin a yi wa Ibrahim kaciya. Yakubu ya ce a duba gaba, ranar da ya ɗora Ishaku a kan bagade, a nan ne maganar ta cika.

Ni dai ban ga mutum biyu suna dambe da juna a nan ba. Na ga mutum biyu sun juya wa juna baya, kowa yana fama da abokin gabansa. Bangaskiyar da Yakubu yake suka ita ce ta baki, ta yarda da cewa Allah ɗaya ne, wadda ya ce aljannu ma sun yarda har suna rawar jiki. Misalin da ya kawo kuwa kowa ya san shi. Ɗan'uwa ya zo maka ba riga ba abinci, ka sallame shi da addu'a, ka ce ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi. Mu da muke korar mai bara da "Allah ya ba da haƙuri" ba tare da mun ɗaga kai ba, ba ma bukatar a fassara mana. Bangaskiyar da Bulus yake nufi kuwa dogara ce, sakin jiki ga Almasihu, shi ma a Galatiyawa 5:6 ya kira ta bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Ayar nan ta Afisawa da faston ya karanta, da ya ƙara layi ɗaya, da ya kai aya ta 10, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Duk da haka ba zan ce sulhun ya share kome ba. Kalmar "baratarwa", wato Allah ya wanke mai laifi ya karɓe shi a matsayin mai adalci, su biyun ba su yi amfani da ita iri ɗaya ba, daga wannan tsagar ce kuwa sauran rigimar ta tsiro.

Zagaye na biyu a nahiyarmu aka yi shi. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, shi ne bishop na Hippo, garin Annaba na yau. Ya rubuta wata addu'a yana roƙon Allah ya ba da abin da ya umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama. Wani malami mai gudun duniya daga Birtaniya, Pelajiyus, yana zaune a Roma, da ya ji wannan addu'a sai ransa ya ɓaci. Kada a yi masa rashin adalci, mutum ne da ya gaji da ganin manyan Roma sun shiga addinin Kirista suna sheƙe ayarsu, in an yi magana su ce ai ɗan Adam rarrauna ne. Ya ce Allah ba zai umarci abin da mutum ba zai iya ba. In ya ce ka yi, to kana iyawa. Adamu mugun misali ya bar mana, bai gurgunta mu ba.

Agustin ya ce sam. Shi da ya sha fama da zuciyarsa shekara da shekaru, ya ce cutar tana cikin son ran mutum ne kansa. Mutum yana da zaɓi, amma zaɓin ya karkace tun daga gado, sai Allah ya fara taɓa shi kafin ya so abin kirki. Majalisar limamai a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, ta yi tir da koyarwar Pelajiyus a 418. Bayan haka waɗansu 'yan zuhudu a kudancin Faransa suka nemi hanyar tsakiya, suka ce mutum ne yake ɗaga ƙafar farko, Allah ya ƙarasa masa. Mu da Hausa muna da wannan koyarwa a dunƙule cikin magana guda, "Allah ya ce tashi in taimake ka." Wajen noma da neman abinci magana ce mai kyau. Amma wajen ceto, majalisar Orange ta 529 ta ƙi ta, ta ce farkon bangaskiyar ma, har da marmarin a tashi ɗin, baiwa ce. Ana iya ganin dalilin a farkon Afisawa sura 2, inda ba a kira mai zunubi majiyyaci ba, matacce aka kira shi. Gawa kuwa ba a ce mata tashi in taimake ki. Na sha jin wannan karin magana daga bakin masu wa'azi da suke alfahari da cewa su 'yan alheri ne, ba su san an yi zaman majalisa a kanta shekara 1,500 da suka wuce ba.

Wannan yana nuna cewa tun shekara dubu kafin Martin Luther, ikilisiyar Roma ta riga ta rubuta cewa alheri ne yake farawa. To me ya kawo tashin hankalin 1517?

Luther ɗan zuhudu ne na ƙungiyar da take ɗauke da sunan Agustin. Ya shiga gidansu na Erfurt a Jamus a 1505, bayan tsawa ta kusa hallaka shi a hanya ya yi wa'adi. Ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, ya riƙa furta zunubansa ga babbansa Staupitz na tsawon sa'o'i, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tsarin zamaninsa ya ce alheri yana shigowa ta baftisma da sauran sakramenti, wato tsarkakan ibadun da ikilisiya take gudanarwa, mutum ya haɗa kai da shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Tambayar da ta addabi Luther ita ce yaya zai san ya kai iyakar. Daga baya, a 1545, ya rubuta cewa a dā ya tsani kalmar "adalcin Allah" da ke Romawa 1:17, don yana jinta a matsayin ma'aunin da za a hukunta shi da shi. Da ya gane cewa adalci ne da Allah yake bayarwa ga mai bangaskiya, ya ce ji ya yi kamar an buɗe masa ƙofofin Firdausi.

Ana cikin haka sai ga takardun sassauci. A koyarwar Katolika, ko an gafarta zunubi akwai sauran horon da mutum zai sha, a duniya ko a wurin tsarkakewa bayan mutuwa, ikilisiya kuwa tana iya rage wannan horo. A takarda, rangwamen horo ne, ba sayar da gafara ba. A kasuwa kuwa abin ya zama ciniki. Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci bashin attajiran gidan Fugger don biyan Roma kuɗin kujerarsa, aka shirya cewa kuɗin takardun a raba, wani kaso ya biya bashin, wani ya tafi ginin majami'ar Bitrus a Roma. Mai tallar, Johann Tetzel, gwanin baki ne. Ranar 31 ga Oktoba 1517 Luther ya aika wa Albrecht wasiƙa haɗe da batutuwa 95, na 27 a cikinsu yana sukar masu cewa da zarar kuɗi ya yi ƙara a akwati, ran mamaci ya fita daga wurin horo. A 1521 Fafaroma ya kore shi daga ikilisiya, a shekarar ce kuma ya tsaya gaban sarki a Worms ya ƙi janye maganarsa.

Luther ba mutum ne mai sassauta murya ba. A fassararsa ta Sabon Alkawari da Jamusanci ta 1522 ya ƙara kalmar "kaɗai" a Romawa 3:28, ya ce harshen ne yake bukatarta don ma'ana ta fito. A gabatarwar wannan bugu kuma ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa in an gwada ta da su Romawa. Wannan kam ya yi wuce gona da iri, mabiyansa ma ba su bi shi a kai ba.

Amsar Roma ta zo daga majalisar Trento a arewacin Italiya, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563. A Janairun 1547 ta fitar da hukuncinta a kan baratarwa, babi 16 da dokoki 33. Duk ɗan Furotesta da yake cewa 'yan Katolika da ayyuka suke neman ceto, ya kamata a karanta masa doka ta farko, wadda ta la'anci mai cewa mutum zai barata a gaban Allah da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba. Amma ta 9 ta la'anci mai cewa bangaskiya kaɗai ta isa har ba a bukatar haɗin kan mutum, daga baya kuma aka ce kyawawan ayyukan wanda aka baratar suna ƙara masa adalci, suna da lada na gaske. Cinikin takardun kuwa, Fafaroma Pius na 5 ya soke duk wanda ya haɗa da kuɗi a 1567.

In aka cire zage-zage, asalin bambancin yana wajen abin da yake faruwa sa'ad da Allah ya baratar da mutum. Ga Luther da Kalbin, wani babban jagoran Furotesta, abin kamar naɗi ne. Sarki ya kira talaka, ya yafa masa alkyabba, ya naɗa masa rawani. Daga wannan lokaci shi hakimi ne, ko da ƙurar hanya tana nan a ƙafarsa, ko da bai yi wa masarauta aikin kwana ɗaya ba. Alkyabbar ba tasa ba ce, adalcin Almasihu ne aka lasafta masa. Shi ya sa Luther ya ce mai bi adali ne kuma mai zunubi ne a lokaci ɗaya. Gyaran hali, wanda suke kira tsarkakewa, dole ya biyo baya, amma ba a kansa sarautar ta tsaya ba. Ga Trento kuwa abin kamar magani ne. Allah ba ya kiran majiyyaci lafiyayye sai ya warkar da shi, yana zuba alherinsa a ciki har mutumin ya zama adali da gaske, majiyyacin kuma yana iya sha, yana iya tofarwa. Kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro. Mai alkyabba yana tsoron a mai da mutum ga auna kansa kullum har ya mutu cikin fargaba, don haka yake riƙe da tabbacin ceto. Mai magani yana tsoron a lulluɓe gyambo da riga mai tsada a ce an warke.

'Yan Furotesta su ma ba su tsira daga rabuwa ba. Mabiyan Kalbin suka ce in alheri ne duka, to Allah ne ya zaɓi waɗanda zai ceta, alherinsa kuma ba ya komawa hannu wofi. Mabiyan Arminiyus, wani malamin tauhidi na Holan, suka ce ana iya ƙinsa. Majalisar Dort a Holan ta goyi bayan na farko a 1618 zuwa 1619, John Wesley da Metodis suka ɗauki na biyu, har yau ɗaliban makarantun tauhidi suna kwana a kai. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas kuwa ba su taɓa ɗaukar tambayar a wannan siffa ba, su haɗin aiki tsakanin Allah da mutum suke ambata.

Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Cocin Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa. Zuciyarta ita ce, da alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don wata cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki, wanda yake sabunta zuciya ya kuma kira mu ga kyawawan ayyuka. Suka ce la'anonin ƙarni na 16 ba su hau kan koyarwar da aka bayyana a takardar ba. Metodis suka shiga a 2006, tarayyar ikilisiyoyin da suka bi layin Kalbin ta shiga a 2017. Ba kowa ya gamsu ba, akwai 'yan Lutheran da suka ce an rufe ɓaraka ne da kalmomi masu fuska biyu, kuma ba su rasa hujja ba, tun da har yanzu ba a cin Jibin Ubangiji, wato cimar tunawa da mutuwar Almasihu, tare. A 2017 ɗin nan, shekara 500 cif da wasiƙar Luther, tarayyar Lutheran ta yi babban taronta a Windhoek ta Namibiya, ta zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN, cocin Lutheran na Nijeriya mai hedkwata a Numan, ya zama shugabanta. Ɗaya daga cikin taken taron shi ne cewa ceto ba na sayarwa ba ne.

Wannan take ya fi dacewa da mu fiye da Jamus ta yau. Tetzel ya mutu tun 1519, amma sana'arsa tana nan da ranta, har a cocin da ba sa ga maciji da Roma. Ambulan da ake rabawa a ce ka shuka iri gwargwadon buɗin da kake nema, da wa'azin da ke cewa ciwonka ko rashin haihuwarki daga fashin zakka ne, duk akwatin nan ne mai ƙara. Akwai kuma bencin baya, inda yarinyar da ta yi ciki take zaman horo wata da watanni ba ta cin Jibi, alhali wanda ya wawure kuɗin jama'a yana kujerar gaba don shi ya sayi janareta. Horo yana da gurbinsa a ikilisiya, amma in ya zama wa'adin da ake cikawa a fita, mutane za su koyi cewa gafara ana biyanta ne da watanni. A ɗaya gefen ga masu cewa ai muna ƙarƙashin alheri, kowa ya yi yadda ya so. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a Afrilun 1945, ya kira irin wannan alheri mai araha, gafara ba tuba. Araha kuwa ba ta ado.

Akwai wata gajeriyar hanya da masu wa'azi suke bi da ya kamata a bari, wato cewa maƙwabtanmu Musulmi da ayyuka kaɗai suke dogara. Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim cewa ba wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Inda addinan biyu suka rabu da gaske shi ne gicciye, ko rahamar tana zuwa ta mutuwar Almasihu da tashinsa ko a'a. A nan ne bambancin yake, kuma babba ne, ba sai an ƙara masa da ƙage ba.

Kalmar da Bulus ya rubuta da Helenanci ita ce "karis", ita ma kuwa kaya biyu take ɗauka kamar alherinmu, har da na uku. A 2 Korintiyawa sura 8 da 9, inda yake tara gudummawa don matalautan Urushalima, ya kira abin da Almasihu ya yi karis, ya kira kuɗin da ake tarawa karis, da ya zo yi wa Allah godiya a ƙarshe ya sake cewa karis. Baiwar da aikin da godiyar, suna ɗaya. Ashe masu fassarar Hausa ba su yi kuskure ba, ruwa ɗaya ne yake gangarowa, abin lura kawai shi ne daga ina ya taso.

Mu kuwa mun san kyauta iri biyu. Akwai gudummawar biki. Uwar amarya ta sa wata ta zauna da littafi a ƙofar ɗaki tana rubutawa, wance atamfa ɗaya, wance kwalla da naira dubu biyar. Ranar bikin wance za a buɗe littafin a mayar, da ɗan ƙari in ana son mutunci. Sunanta kyauta, amma kowa ya san bashi ne ya sha ado, kuma ba a kai ta gidan da ba za a iya mayarwa ba. Akwai kuma kwanon shinkafar Kirsimeti ko naman Salla da maƙwabci yake aiko yaro da shi. In ka lissafa kuɗin shinkafar da kazar ka ba yaron ya kai, ka ci mutuncin mai gidan, ka mai da shi ɗan kasuwa. In kuma ka karɓe kwanon ka rufe ƙofa ba ko sannu, ka nuna ba ka san abin da aka yi maka ba. Abin da ake yi shi ne tukwici, yaba kyauta, kuma ba mai kyautar ake ba wa ba, ɗan aiken da ke tsaye a gabanka ake ba wa. Kusan abin da Luther ya rubuta ke nan a 1520 a kan 'yancin Kirista, cewa wanda ya sami kome a wurin Almasihu ba ya bukatar ayyukansa don kansa, sai ya juya da su wajen maƙwabci. Misalin yana da inda ya gaza, domin tukwici daga aljihunka yake fitowa, Bulus kuwa a Filibiyawa 2:12-13 ya ce ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku, ku so, ku kuma aikata. Agustin ya faɗe ta a taƙaice, cewa in Allah ya saka wa cancantarmu, baiwar kansa yake naɗa wa rawani, maganar da Katolika da Furotesta duka suke jawowa.

A Matiyu 25, inda aka raba tumaki da awaki, da ayyuka aka yi shari'ar: abinci, ruwa, sutura, gaida marar lafiya, ziyarar kurkuku. Ba yadda za a kauce wa wannan. Amma waɗanda aka karɓa tambaya suka yi cikin mamaki, yaushe muka gan ka da yunwa muka ciyar da kai? Ba su riƙe littafin biki ba.

Da aka fito daga cocin nan za a tafi makabarta, na ga wata tsohuwa zaune a gindin mangwaro, ba ta sa ankon zumuntar mata ba, ba ta ma shiga ciki ba. Kuka take yi a hankali. Na tambayi dattijon nan ko 'yar'uwar marigayiya ce. Ya ce a'a, wata gwauruwa ce daga rugar da ke bayan gari, ya ji an ce duk kaka Mama takan aika mata da dawa, amma shi bai san tun yaushe ba. A takardar da ɗanta ya karanta dai ba a ambaci dawar ba.